Zuwa ga ɗan'uwan da ya tambaye ni: wai tara ce za ta hana direba karya danja?

Assalamu alaikum ɗan'uwa,

Na ga tambayar da ka jefo min a gaban jama'a, to tunda a fili ka yi ta bari ni ma in amsa maka a fili, ko ba komai akwai masu irin tunaninka da yawa da suka yi shiru suna jiran su ji me zan ce. Cewa ka yi: "Malam, kai da kullum kake kiran a tsananta wa masu karya danja, tsakaninka da Allah ka taɓa ganin tara ta gyara direba? Ai hukuma kuɗi kawai take nema, kyamarorin nan ma duk tarko ne. Kuma wanda jar wuta ta kama shi da sakan ɗaya, ko wanda ya wuce ƙarfe biyun dare titi fayau babu kowa, wa ya cuta?"

Tambaya uku ce ka dunƙule wuri guda, kuma wallahi ba duka ka yi kuskure ba. Amma bari in fara da ta ƙarshen, don ita ce ta fi tsaya min a rai.

Wa ya cuta? A 2019 gidauniyar AAA ta Amurka mai bincike kan haɗurran mota ta fitar da alƙaluma cewa mutum 939 ne suka mutu a ƙasar a 2017 sanadin karya danja, kuma cikinsu direbobin da suka karya danjar kashi 35 ne da 'yan kai cikin ɗari, ragowar duk fasinjoji ne da mutanen da ke cikin wasu motocin da masu tafiya a ƙasa da masu keke. Ka ga kenan galibi wanda ya yi gangancin ba shi ke mutuwa ba, wani ne can da aka ba shi hannu ya taho da gaskiyarsa. Zuwa 2022 adadin ya haura mutum 1,100 a shekara, a ƙasar da motocinta ke da jakar iska ta ko'ina kuma motar asibiti ke zuwa cikin 'yan mintuna, balle inda babu waɗannan.

Dalilin da ya sa haɗarin mararraba ya fi muni kuwa ba boyayye ba ne, ka je ka tsaya gaban motarka ka duba da kyau. Ta gaba akwai bamba, akwai boneti, akwai inji, kusan mita guda na ƙarfen da aka ƙera musamman don ya lanƙwashe ya shanye duka kafin ya iso ga mutum. Yanzu zagayo gefe ka buɗe ƙofa ka kama kaurinta da hannunka, ɗan abin nan da bai wuce taƙi ɗaya ba shi ne kawai tsakanin haƙarƙarin yaron da ke zaune a baya da gaban motar wanda ya karya danja. Shi mai laifin da gaba yake duka, inda yake da kariya, wanda bai ji ba bai gani ba kuma a gefe ake samunsa. Mai babur da mai tafiya a ƙasa kam ko ƙofar ma ba su da ita.

Sai maganar sakan ɗaya. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a sakan ɗaya, wato kafin ka ce kwabo ta shige tsakiyar mararraba, kuma mai karya danja ai ba rage gudu yake ba, ƙara taka totur yake don ya "samu" wutar. Na san yadda abin yake a ƙafa, duk mai tuƙi ya sani, kana tahowa yalo ta kama, ƙafarka ta ɗan ɗaga daga totur tana shawagi tsakanin nan da birki, ka leƙa madubi ka ga na bayanka ya manne maka kamar zai shige but ɗinka, zuciya ta ce maka ai za ka wuce, kuma sau tari ka wuce ɗin lafiya lau. Matsalar kenan. Duk wucewar da ka yi lafiya ƙara koya maka take cewa babu komai, har abin ya zama jiki, yau yalo gobe ja da sakan ɗaya jibi ja da sakan uku, ranar da za a haɗu kuma ba a sanarwa. A yawancin fitilu injiniyoyi kan bar sakan ɗaya ko biyu da kowane ɓangare ke kan ja don mararraba ta washe kafin a saki na gaba, direbobi sun gano haka sai suka mayar da wannan ɗan rarar tamkar haƙƙinsu, su kuma na ɗaya ɓangaren sun koyi fizgar mota tun kafin kore ta gama kamawa, to ka ga an cinye rarar ta gaba da baya.

Na ƙarfe biyun dare kuma, ai shi wanda zai fito ta ɗaya hannun shi ma titi fayau yake gani, kuma shi kore ce a gabansa don haka ko kusa da birki ƙafarsa ba ta je ba. Da dare ne aka fi gudu, da dare ne ake samun mai gyangyaɗi da wanda ya sha wani abu da babur marar fitila. "Na duba ban ga kowa ba" magana ce da kusan duk wanda ya taɓa buge mutum ya faɗa, kuma da yawansu ba ƙarya suke ba, da gaske ba su gani ɗin ba. Na yarda akwai wuraren da tsayuwa da tsakar dare ke da nata hatsarin saboda ɓata-gari, amma maganin wannan a hannun hukuma yake, ta mayar da fitilar mai ƙyaftawa a waɗannan awanni yadda kowa zai san rage gudu zai yi ya duba, kamar yadda ake yi a garuruwa da dama. Idan kowane direba shi zai yanke wa kansa lokacin da ja ke aiki da lokacin da ba ta aiki, to kore ma ta tashi daga aiki, don ba wanda zai ƙara yarda da ita.

Yanzu ga inda nake tare da kai. Girman tara shi kaɗai ba ya gyara kowa, wannan gaskiya ne. A wancan binciken na AAA kashi 85 cikin ɗari na direbobi sun ce karya danja babban haɗari ne, amma kusan ɗaya cikin uku ya amsa da bakinsa cewa ya karya a cikin kwana 30 da suka wuce alhali da ya so tsayawa zai iya. Laifi tudu ne dai, ka taka naka ka hango na wani. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne sama da biyu cikin biyar sun ce ba sa jin za a kama su in sun karya. Nan gizo ke saƙar. Mutum bai jahilci dokar ba, bai kuma jahilci haɗarin ba, lissafi kawai ya yi ya ga ba mai kama shi. Ko ka ninka tarar sau goma, in dai ya san sai ya karya sau ɗari kafin a tare shi sau ɗaya, kuma ranar da aka tare shi ɗin ma zai iya ba da haƙuri ko ya kira wani babba a waya ko ya miƙa ɗan wani abu ta taga, to ba abin da ka canza, sai ma ka ƙara wa mai karɓar cin hanci farashi, don duk sanda tara ta yi tsadar da talaka ba zai iya biya ba to sasantawa a bakin titi ce ke samun kasuwa.

Shi ya sa ni abin da nake kira a kai ba wai a lafta kuɗi ba ne. Abu biyu nake nema, kamun ya zama tabbas, sannan hukuncin ya taɓa lasisi. Dubi Jamus, in ka wuce ja ba ta kai sakan ɗaya da kamawa ba tarar yuro 90 ce da maki ɗaya a kan lasisinka, in ta wuce sakan ɗaya sai ta koma yuro 200 da maki biyu da hana ka tuƙi na wata guda cur, makin kuma ana tara shi a rajista guda a garin Flensburg, ranar da ya kai 8 an karɓe lasisin. Ka lura sun bambanta wanda wuta ta rutsa da shi da wanda ya ga ja ƙuru-ƙuru ya shige, wanda shi ne adalcin da kake nema wa mai sakan ɗayan naka. A Birtaniya fam 100 ce da maki 3, in ka tara 12 cikin shekara uku kotu ta dakatar da kai, galibi wata shida, sabon direba kuwa maki 6 kacal cikin shekara biyun farko sun isa a soke lasisinsa ya koma ya sake jarrabawa. Mai kuɗi zai biya fam 100 ko a jikinsa, amma wata shida ba tuƙi kowa yana jin ta. Finland kuma wata hanyar ta bi, manyan laifukan titi gwargwadon samun mutum ake yanka masa tara, har a 2002 aka yanka wa wani babban jami'in kamfanin Nokia yuro 116,000 saboda gudun wuce kima a kan babur, duk da daga baya kotu ta rage. Ni wannan tsarin yana burge ni, don tarar da za ta hana ɗan tasi barci wata guda bai kamata ta zama kuɗin da wani zai zaro daga aljihun gaba yana dariya ba.

Batun kyamara tarko ce, a nan ma ba zan ce maka ƙarya kake ba, an yi. A birnin Chicago na Amurka an gano a 2014 cewa an aika wa mutane takardun tara kusan 77,000 a wuraren da yalo ba ta cika sakan 3 ɗin da aka saba ba, kuma wani jami'in birnin ya sha ɗaurin shekara 10 kan cin hancin da ya karɓa a kwangilar kyamarorin. Duk hukumar da ta mayar da danja hanyar tara kuɗin shiga ta ci amanar jama'a, kuma ita ke sa mutane irinka su daina ganin dokar da mutunci. Kuma ko an yi da gaskiya kyamara na da nata illar, binciken hukumar manyan hanyoyi ta Amurka na 2005 ya nuna karo ta gefe ya ragu da kusan kashi 25 a inda aka sa kyamara, amma dukan baya ya ƙaru da kusan kashi 15 saboda masu taka birki ba shiri. Sai dai dan Allah ka auna su biyun, dukan baya yawanci bamba ce da fitila da ciwon wuya, karo ta gefe kuwa shi ke kai mutane makabarta. Cibiyar IIHS ta Amurka mai bincike kan haɗurran titi ta duba biranen ƙasar 14 da suka kashe kyamarorinsu tsakanin 2010 da 2014, ta tarar da munanan haɗurran karya danja masu kisa sun fi yadda ake tsammani da kashi 30. To in an kama hukuma da wasa da kyamara, hukumar za a gyara, a tilasta mata ta bayyana tsawon yalo a kowace mararraba, ta kafa allon gargaɗi kafin kyamara, ta ba mutum hoton laifinsa da damar ƙalubalantarsa, kuma kada a biya ɗan kwangila bisa yawan takardun tarar da ya rubuta.

Tsawon yalo ɗin nan ma ba ƙaramin abu ba ne fa. A birnin Philadelphia na Amurka an gwada ƙara kusan sakan ɗaya a kan yalo a wasu mararrabu, karya danja ya ragu da kashi 36 tun kafin a kunna kyamara ko ɗaya, da aka kunna kyamarorin kuma abin da ya rage ya sake faɗuwa da fiye da kashi 90. Wato akwai waɗanda fitilar ce ta zalunce su, gyaran injiniya ya ishe su, akwai kuma waɗanda sai sun san ana kallonsu.

Abin da doka ba za ta iya yi mana ba shi ne halin da muke nuna wa wanda ya tsaya. Mutum ya ga yalo ya taka birki kamar yadda ya kamata, sai na baya ya dasa masa hon ya leƙo ta taga yana zagi wai ya ɓata masa lokaci, fasinja ma ya ce haba direba ai da ka wuce, yaran da ke kujerar baya kuma suna ji suna haddacewa. Jiran da duka-duka a yawancin fitilu bai kai minti biyu ba. Antanas Mockus da ya zama magajin garin Bogota a Kolombiya a 1995 ya gane wannan, sai ya baza masu wasan kwaikwayo na bebaye a mararrabu suna kwaikwayon duk wanda ya taka doka jama'a na kallo, don ya lura mutanensa sun fi tsoron kunya a kan tara. Ban ce a kwafo wannan a ko'ina ba, amma mutumin ya gano inda ciwon yake, muddin mai karya danja gwani ne a idon abokansa mai tsayawa kuma sakarai, to jami'i nawa za ka ajiye a titi?

Don haka in ka ce in zaɓa tsakanin a ninka tara da a bar ta yadda take amma duk wanda ya karya ya san takarda za ta same shi har gida, ko shi wane ne, ko motar wa yake ja, kuma a karo na uku ko na huɗu lasisinsa zai tafi hutu, na biyun zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba. Motocin gwamnati da na masu jiniya da ba aikin gaggawa suke ba su ya kamata a fara da su, don direban haya ba zai taɓa girmama fitilar da yake ganin manya na ketawa kullum ba.

Kai kuma ina da roƙo guda gare ka, tunda ka ce kana yawan tuƙin dare. Wancan mararrabar da kake ganin tsayuwa a cikinta ba ta da amfani ko tana da hatsari, ka rubuta wa hukumar da ke kula da ita ka nemi a mayar da fitilar mai ƙyaftawa daga tsakar dare zuwa asuba, in ka rubuta ka turo min in sa hannu tare da kai. Kafin su amsa dai ka riƙa tsayawa.

Wassalam,
naka ɗan'uwa.