Sanarwa ga ƴan rukuni: kare hannu daga sanyi a kan babur

Assalamu alaikum ƴan uwa. Sanyi ya shigo, ga abin lura ga masu fita da sassafe ko cikin dare.

Iskar gudu ce ke kwashe ɗumin hannu, yatsu kuwa in sun sandare ba sa kama birki da kuloci a kan lokaci. Ku sa safar hannu biyu: siririya ta ulu a ciki, ta fata mai tare iska a waje. Ta auduga ba ta da amfani, da ta sha gumi sai ta koma sanyi. Kada safar da kuka sa ta matse, matsi na hana jini gudana; a ga ƙaramin fili a bakin yatsu. Bakin safar ya hau kan hannun riga, don ta wuyan hannu iska ke kutsawa.

Ku rufe ƙirji sosai, jiki in ya ji sanyi daga yatsu yake fara janye jini.

Duk bayan minti 30 zuwa 40 a tsaya, a cusa hannu a hammata. Kada a dafa salansa ko inji, hannun da ya sandare yana ƙonewa mai shi bai ji ba.