Wasiƙa ga Auta kan katunan bita

Birmingham, Ingila

Assalamu alaikum Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ke da Inna da Baba da kowa na gida kuna lafiya. Nan ma lafiya lau, sai sanyi. Yanzu kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi, tsakanin la'asar da magariba ko shayi mutum ba ya gama sha.

Na ga saƙonki kan katunan Anki, manhajar bitar karatu ta katunan tambaya da amsa, da 'yan ajinku na koyon likitanci suke yayi, cewa kullum kina wayar gari da ɗaruruwa suna jiran bita, har kin fara shakkar buɗe wayar. Ba ƙwaƙwalwarki ce ta gaza ba. Duk katin da kika karɓa bashi kika ci, manhajar kuma ba ta yafiya: za ta dawo miki da shi gobe, da mako mai zuwa, da wata mai zuwa. Masu Anki da kansu sun faɗa, mai ɗaukar sababbi 20 kullum ya sa ran bitar kusan 200 a rana. To ki zaɓi bashin da zai amfane ki.

Babban tarin katunan nan da kuke saukewa ɗaliban Amurka ne suka haɗa shi don jarrabawarsu ta samun lasisin likita, wato USMLE. Marasa lafiyarsu suka duba, shi ya sa za ki ga kati bayan kati kan cutar Lyme da kaska ke yaɗawa a dazukansu. Ke kuwa a Kano za ki tsaya gaban gado. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ne zai zo miki, da sanƙarau in zafi ya shigo, da yaro mai sikila yana kukan ƙashi, da mashaƙon da ya addabi Kano a 2023, da mace mai ciki mai jijjiga an kawo ta a Adaidaita Sahu tsakar dare.

Ni ga abin da nake tambayar kaina kafin in ajiye kati: in majinyaci yana gabana, zan sami sukunin buɗe littafi? In zan samu, katin ba dole ba ne. A nan har manyan likitoci suna duba BNF, littafin bayanin magunguna na nan Ingila, a waya a gaban majinyaci kafin su rubuta maganin hawan jini, ba wanda yake ganin gazawarsu. Amma wanda jikinsa ya ƙi allura, maƙogwaro na kumbura, numfashi na ɗaukewa, ba ya jiran intanet. Adirenalin miligiram 0.5 a tsokar cinya ga babba, wannan ko daga barci aka tashe ki ya fito daga bakinki. Haka atesunet ta jijiya, maganin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani: miligiram 2.4 kan kowane kilo, a ba da nan take, sai bayan awa 12, sai awa 24; yaron da bai kai kilo 20 ba kuma miligiram 3 kan kowane kilo.

Jijjiga ita na fi so ki zauna a kanta, don ranar da kika fara aikin dare a ɗakin haihuwa wataƙila ke ce likita mafi kusa. Magnesiyam salfet giram 4 ta jijiya a hankali, giram 5 a kowane ɗuwawu, daga nan giram 5 duk awa huɗu. Kada ki cusa wannan duka a kati ɗaya, za ki haddace siffar katin ne kawai. Ki raba. Wani katin ya tambaye ki abin da ake dubawa kafin a maimaita allurar: motsin gwiwa in an ƙwanƙwasa, numfashi, da fitsari. Wani ya tambaye ki makarinsa in ya yi yawa, wato kalsiyam gulukonet. Irin waɗannan ba a dakatar da su har abada.

Ban ce ki raina jarrabawa ba, sai an ci ake zuwa gaban gadon. Katunan sinadaran jiki ki riƙe su har ki haye, sannan ki dakatar da su, kada ki goge. Tsofaffin tambayoyin malamanku sun fi kowane tari na ƙetare nuna miki inda za a fito. Duk tambayar da babban likita ya yi miki a zagayen safe kika yi shiru, ki mayar da ita kati a daren, da kalmominki. Sunan majinyaci ko hotonsa kuwa kada ya shiga wayarki.

Batun PLAB da kika tambaya, jarrabawar da likitocin ƙetare suke yi kafin su yi aiki a nan, ki bar shi tukuna. Ƙa'idojin nan suna canzawa, abin da kika haddace yau kafin ki gama ya tsufa. Kuma kada Baba ya ji wai ni ce nake zuga ki ki biyo ni.

Na tura kuɗin maganin Inna ta asusunki, ki tabbatar an auna mata jini kafin a sayo. Ki gaishe min da Goggo, ki ce mata kuka da daddawar sun iso.

Wassalam,
Yayarki