A sa wa motocin Tibiri, Jiratawa da Madarunfa lokacin tashi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin mu yi magana kan yadda jama'a ke zirga-zirga tsakanin Maradi da garuruwan da ke kewaye da ita. A ƙidayar 2012 mutanen birnin sun haura dubu 267, yau kuwa unguwanni irin su Zariya da Ali Ɗan Tsoho sun miƙe har cikin gonakin da ake nomawa a da. Duk da haka, in ka cire motocin ɗalibai, babu bas ɗin cikin gari mai layi sananne da lokacin tashi sananne. Yamai ko ba komai tana da faba-faba, wato ƙananan bas ɗin haya na cikin gari. Mu a nan abin da ke ɗauke da mu shi ne kabu-kabu, adaidaita, da tsofaffin Hiace masu kujera 19 da ke zuwa bayan gari.

Ga yadda tafiyar take. Mutumin Tibiri da ke son ganin likita a Maradi zai fito da sassafe ya tarar da mota tana lodi. Tibiri wajen kilomita 12 ce, tafiyar da ba ta wuce minti ashirin ba. Amma mota ba ta tashi sai ta cika. Ranar Litinin da Juma'a, da kasuwar Maradi ke ci, cikin ƙanƙanin lokaci take cika. Sauran ranaku, da zarar hantsi ya yi, ana iya zaman awa guda ana jiran mutum uku. In ya iso tasha kuma tafiya ba ta ƙare ba, domin asibiti ko jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ba a bakin tasha suke ba. Dole ya hau kabu-kabu, kuma sau da yawa kuɗin wannan 'yar gajeriyar tafiya ta cikin gari yakan kai na motar da ta kawo shi, ko ya fi. Mace mai goyo da ta riƙo wani yaron a hannu ba ta da zaɓi sai ta ɗauki shatar adaidaita. Haka abin yake ga mai zuwa daga Jiratawa, ko Madarunfa, ko Ɗan Isa da ke wajen kilomita 40 a hanyar Jibiya.

Mutane kan zargi direba da haɗama. Mu a ganinmu laifin na tsarin layi ne, kuma lissafi zai nuna haka. Tsohuwar Hiace mai fetur, da lodi, takan sha kusan lita 12 a kilomita 100. Ke nan zuwa Tibiri da dawowa lita uku ne. A farashin sefa 499 kowace lita da gwamnati ta sa a watan Yulin 2024, wajen jika ɗaya da rabi ke nan, wato sefa 1,500. Mu ƙaddara, don misali kawai, kowane fasinja dala hamsin yake biya, wato sefa 250. Mutum shida sun biya man zuwa da dawowa. To me ya sa direba ke jiran goma sha takwas? Saboda motoci sun yi yawa a layi. In ya tashi ya dawo, bayan layi zai koma, wataƙila sawu biyu ko uku kaɗai zai samu a yini. Cikin waɗannan sawun zai fitar da kuɗin mai mota na ranar, da na kamasho, da na sandika (ƙungiyar direbobi), da na yaron mota, da abin faci in taya ta sace, sannan cefanen gidansa. Wanda sawu biyu ne rabonsa ba zai yarda kujera ta tafi banza ba. Abin da ke biyo baya kuma shi ne fasinjan da ke da ɗan hali ya gaji da jira ya hau babur, motar ta ƙara jinkirin cika, na bakin hanya kuma a ƙauyukan tsakani su ga mota ta wuce cike maƙil ba wurin ƙafa.

Kafin a gyara, ga abin da mai hawa ya kamata ya sani. A tambayi kuɗin mota da na kaya kafin a ɗora kaya sama, don rigimar da ake yi a wurin sauka kusan kullum kan kaya ce. A riƙe canji: wanda ya miƙa takardar jika biyar a tafiyar dala hamsin shi ya jawo wa kansa tsayuwa. Baƙo daga Katsina ko Kano ya tuna a nan da dala ake lissafi, dala ɗaya sefa biyar ce, don haka in an ce dala ɗari, sefa 500 ake nufi. Mai zuwa Ɗan Isa ko Gidan Rumji ya riƙe katin ɗan ƙasa a aljihu, domin akwai shingayen jami'an tsaro, kuma mutum ɗaya marar takarda yakan tsayar da mota guda. Wajen zama kuma, injin Hiace a ƙarƙashin kujerun gaba yake, don haka kujerar tsakiya kusa da direba da bencin da ke bayansa zafi suke yi, musamman a bazara. Layin ƙarshe yana kan tayoyin baya, shi ke shan kowane rami. Tsoho da mai ciki da marar lafiya layi na biyu ya dace da su, kusa da ƙofa, kuma yaron mota mai hankali ya san haka ba sai an gaya masa ba.

Batun kaya a saman mota muke so a fi kulawa da shi. Buhun gero tiya arba'in ne, kusan kilo 100. Buhu biyar a sama rabin tan ke nan a bisa kan fasinja, kuma ba a ƙera motar don haka ba. Nauyi in ya koma sama, mota takan yi tangaɗi a kwana, birki ya ƙi kamawa da wuri, sifirin na baya ya kwanta har jikin mota ya riƙa gugar taya. Tayoyin kuwa galibi na hannu ne. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu da ke nuna sati da shekarar da aka yi ta: 2317 na nufin sati na 23 na 2017. Taya na iya zama da zane mai kyau amma robarta ta bushe ta tsattsage, kuma ita ce ke fashewa a kan kwalta mai zafi tsakanin Maris da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. A wannan lokacin ne kuma ruwan inji ke tafasa, saboda ƙura ta toshe lagireto ga lodi ya yi yawa. Kada yaron mota ya buɗe murfin nan take. A kashe inji a jira ya huce, mutane da dama sun ƙone fuska da hannu ta wannan hanya. Man 'yan ruwa-ruwa da ake sayarwa a kwalba shi ma yana da nasa: in yashi ko ruwa ya shiga, matatar mai ta toshe, mota ta riƙa shaƙewa a tsakiyar hanya. Da damina kuma, wanda ya ga ruwan ƙarshen Agustan 2024 ya san abin da korama ke yi a garin nan. In ruwa mai gudu ya kai rabin taya, fasinja su ce wa direba ya tsaya, ko da dare zai yi.

Abin da muke roƙon ma'aikatar magajin gari da sandikar direbobi ba sayen manyan bas ba ne. Manyan bas na buƙatar gareji, kayan gyara da albashi, kuma titunan yashi na cikin unguwanni ba za su ɗauke su ba. Motocin da ke hannu sun isa a fara. Na farko, a ɗauki layi ɗaya, misali Tibiri zuwa babbar kasuwa, a ce mota na tashi kowane rabin awa daga ƙarfe shida na safe zuwa magariba, cike ko ba cike ba. Da tsaye-tsaye tafiya ɗaya minti talatin ce, zuwa da dawowa da ɗan hutu awa ɗaya da rabi, ke nan mota uku sun riƙe layin, ta huɗu tana jiran ko-ta-kwana. Kowace za ta yi zagaye bakwai zuwa takwas a yini maimakon sawu biyu ko uku. Sauran motocin su yi karɓa-karɓa, ko a raba su a layin Jiratawa da Madarunfa. A hana kowace mota ɗaukar fasinja a tashoshin layin in ba lokacinta ba ne, in ba haka ba wani zai riƙa shiga gaba da minti biyu yana kwashe mutane, tsarin ya rushe cikin sati guda. Wannan shi ne wurin da ya fi wuya, kuma sandika ce kaɗai ke da ikon tsawatarwa.

Na biyu, kada layin ya ƙare a tasha. Ya ratsa gari ya bi ta kasuwa, asibiti da jami'a, da wuraren tsayawa sanannu, kowane da rumfa da benci da allon da aka rubuta kuɗin mota da lokaci cikin Hausa da Faransanci. 'Yan kabu-kabu da adaidaita ba za su rasa aiki ba, domin su ne za su riƙa kai mutane daga rumfunan nan zuwa lungunan Bagalam da Mokoyo da Maradawa inda Hiace ba ta shiga. Na uku, motar da za ta shiga layi a duba tayoyinta da birkinta da takardar asirans, wato inshora, a kuma ƙayyade mata kayan sama. Manyan buhuna su bi motar kaya.

Watannin farko za a ga motocin tsakar rana suna tafiya da mutum biyar ko shida, domin jama'a ba su saba ba tukuna. Don haka muke ba da shawarar ma'aikatar magajin gari ta yafe wa motocin da suka shiga gwajin harajin tasha na wata uku, a sa mutum ɗaya da littafi a kowane ƙarshen layi yana rubuta lokacin tashi da yawan fasinja, sannan a zauna da direbobi a duba littafin kafin a buɗe layi na biyu.

Wassalam.

Wasu masu bin hanyar Tibiri da Madarunfa,
Maradi