Wasiƙa Zuwa ga Autana a Kaduna

Auta,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Muna nan lafiya. Damina ta yi kyau, dawa ta fara fitar da kai. Mamarka ta ce in tambaye ka ko kana cin abinci a kan lokaci, to ga shi na tambaya.

Yayarka ta nuna mini hotunan ranar da aka ɗora maka hannu a matsayin shugaban matasa. Na yi murna ƙwarai. Amma ba hotunan ne suka sa na ɗauki biro ba. Maganar da ka yi mini a waya ce, kana gama faɗa ka wayance da dariya: wai a gaban taro addu'a tana zubo maka kamar ruwan Agusta, amma in ka rufe ƙofa kai kaɗai sai ka ji kamar da bango kake magana.

Kada wannan ya firgita ka. Ka buɗe Ibraniyawa sura 5, daga aya 12 zuwa 14. Marubucin yana yi wa mutanensa faɗa ne cewa sun isa su koyar da wasu, amma har yanzu madara suke nema, ba su kai ga abinci mai tauri ba. Kai ma lokacin da aka kai ka yaye gidan kakarka, kwana uku ka yi kana tsala ihu, ka ƙi kunu, ka ƙi kowa. A ganinka uwarka ta yashe ka. Ita kuwa tana gida ta kasa barci. Zaƙin da kake ji a addu'a lokacin da ka yi baftisma nono ne, kuma ya yi maka amfani. In Allah ya janye shi, ba ƙinka ya yi ba, tuwo yake so ka fara ci. Ka ci gaba da durƙusawa ko ka ji wani abu ko ba ka ji ba.

Kakanka bai taɓa riƙe makirufo ba. Da girmansa ya koyi karatu, don kawai ya karanta Littafi Mai Tsarki da harshensa. Ka san cikakken Littafin bai fito da Hausa ba sai 1932, bayan wahalar shekaru da Likita Miller, Baturen mishan, da abokan aikinsa suka sha wajen fassara shi. Ina yaro nakan farka da asuba in ga kakan naka a zaure da aci-balbal, yatsa a ƙarƙashin layi, yana haɗa baƙi ɗaya-ɗaya, leɓensa na motsi. Sura ɗaya, sannan ya saɓa fartanya. Haka kullum, har idonsa ya daina gani, sai ya koma sa mu mu karanta masa. Kai kana da fassara iri-iri a wayarka. Ban ce laifi ba ne, amma ina so in san wace sura ka karanta da safen nan wadda ba don shirya wa'azi ba.

Bari in ba ka labarin da ban taɓa ba ka ba, don kunya. Shekarar da aka zaɓe ni dattijon ikkilisiya, awakin maƙwabcinmu Musulmi suka shiga mini gona suka cinye waken da na shuka. Ranar Lahadi ce, daga sujada nake, Littafina a hammata. Na tsaya a ƙofar gidansa na zazzaga masa rashin mutunci, har yara suka taru. Bai tanka ba sai da na gama. Sannan ya dubi hammatata ya ce, "Malam, a cikin wannan ka karanto?" Ƙasa ba ta tsage ba balle in shige. Sati biyu ina kewaye hanyar gidansa. Daga baya mamarka ta ce ba za ta bi ni teburin Jibin Ubangiji ba sai na je na ba shi haƙuri. Na je. Ya ɗaure awakinsa, ya kawo mini tiya biyu ta wake, na ce ya bar shi, ya ce sai na karɓa. Shi ne mutumin da kake gani yana aiko mana da naman layya, mu kuma mu kai masa shinkafa ranar Kirsimeti. Duk wa'azin da na yi a rayuwata, ban san wanda ya kai wannan tafiyar ta taku hamsin wuya ba.

Ka ƙirga 'ya'yan Ruhu da Bulus ya lissafa a Galatiyawa 5:22-23. Tara ne. Ka duba ko akwai ɗaya da yake bukatar lasifika. Haƙuri, tawali'u, kamunkai, duk a layin mai da cikin Keke Napep da wurin aiki ake ganinsu, wurin mutanen da ba su san kai shugaban kowa ba ne.

Kuɗin baikon da matasa ke bayarwa a majami'a kuma, kada ka taɓa ƙirga shi kai kaɗai, kada kuma ya kwana a aljihunka ko da niyyar mayarwa gobe. Na ga mutanen kirki da "gobe" ta kayar. Masu sayar da mai da ruwa a kwalba da sunan annabci, ba sai na ɓata takarda a kansu ba, ka san ra'ayina.

Ka nemi dattijo ɗaya a majami'arku, wanda ba ya jin nauyin gaya maka gaskiya, ka riƙa kai masa kanka. Shugaba ma yana bukatar mai tsawata masa.

Mamarka ta ba direba kuka da daddawa da ɗan yaji, ka je tasha ranar Asabar ka karɓa. Ni na fara Wasiƙar Yaƙub a wannan watan. Ka fara tare da ni, in ka zo Kirsimeti mu zauna a zaure mu ga inda kowa ya kai.

Ubangiji ya kiyaye ka.

Babanka