Sanarwa: tseren São Silvestre na ƙarshen shekara

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ana tunatar da kowa cewa ranar 31 ga Disamba za a yi tseren São Silvestre a birnin São Paulo na ƙasar Birazil, kuma a nan rukunin za mu bi shi tare.

Don sababbin shiga: tun 1925 ake yin sa, wani ɗan jarida mai suna Cásper Líbero ne ya kafa shi. Da can cikin dare ake gudu, a ƙarasa daf da shigowar sabuwar shekara, yanzu kuwa da safe ne. Nisansa kilomita 15. Sai a 1975 aka buɗe wa mata, Rosa Mota ta Fotugal ta zo ta lashe sau 6 a jere. A maza, Paul Tergat na Kenya yana da 5.

Ku zuba ido a hawan titin Brigadeiro Luís Antônio, gab da ƙarshe. A ganina nan ne tseren yake. Duk wanda ya yi gaggawa tun farko, nan ƙafa ke juya masa baya, ana ganin Avenida Paulista, titin da ake ƙarasa tseren, amma ba ƙarfin isa.

Roƙo ɗaya: wanda ya riga ganin sakamako, don Allah ya dakata har a gama nunawa. A kuma rage saƙon murya ranar. Mun gode.