Godiya ga ma'aikatan asibitin ƙauyenmu da na Babban Asibitin Ringim

Assalamu alaikum.

Ni manomi ne daga wani ƙauye a Ƙaramar Hukumar Ringim. Na rubuto ne domin in gode muku a bainar jama'a kan abin da kuka yi wa 'yata mai shekara 2 a watan Agustan da ya wuce.

Kwana biyu tana zazzaɓi, ranar na uku bayan sallar isha'i sai ta fara taune-taune, idanu suka kakkafe. Mahaifiyata ta jiƙa magani a cokali tana ƙoƙarin ɗura mata, ni kuma na riƙe haɓarta. Allah ya sa haƙoran sun datse, maganin bai shiga ba. Muka saɓe ta a babur sai ɗan asibitinmu.

Malamar da ke aikin dare ta ga cokalin a hannun Inna. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Inna, yaron da ba ya cikin hayyacinsa ba a ba shi komai ta baki, zai ƙware, ruwan ya gangara huhu." Ta kwantar da yarinyar a gefe guda, ta saka mata maganin tsayar da jijjiga ta dubura. Jiki ya lafa. Da gwajin jini ya nuna zazzaɓin cizon sauro ne, sai ta ɗauko maganinsa mai suna artesunate, na matsi, mai miligiram 100, shi ma ta nan ta saka.

A gaskiya raina bai so ba da farko, domin a tunanina maganin kirki sai allura. Ta lura da fuskata, ta ce min, "Malam, jijiyoyin jinin wurin suna tsotse magani ko da yaro ba ya iya haɗiya. An tanade shi ne ga yara 'yan ƙasa da shekara 6 da ke nesa da babban asibiti. Amma ba ya warkarwa shi kaɗai, lokaci kawai ya saya muku." Ta rubuta a takarda abin da ta bayar da lokacin da ta bayar, ta ce mu wuce Ringim a daren, kada mu jira gari ya waye. Wannan maganar ce na fi gode mata a kai, domin yarinyar ta yi luf, kuma har na fara tunanin komawa gida.

A Ringim an karanta takardar, aka auna nauyin yarinyar, aka nemo jijiya a bayan hannu da ƙyar. Ta nan aka yi mata allurar artesunate, aka maimaita bayan awa 12, aka sake a awa 24. Sai da ta farfaɗo ta nemi nono da kanta, sannan aka koma maganin sha, safe da dare har kwana 3.

Mun kwana huɗu, ba wanda ya ɗaga wa Inna murya duk da yawan tambayoyinta. Yanzu ita ce ke hana maƙwabta ɗura wa yaro ruwa idan ya shiɗe.

Yarinya ta warware, jiya ma ta bi yayyenta gonar gyaɗa. Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan magabatanku, ya raya muku zuri'a.

Naku,
Mahaifin yarinyar