Amsa ga Alhajin da ya tambaye ni amfanin wasan jiran Godot

Assalamu alaikum, Alhaji, ranka ya daɗe.

A shirin rediyon da aka gayyace ni makon jiya ka bugo waya, ka ce 'yarka da ke jami'a ta zo hutu da littafin wasan kwaikwayo na Samuel Beckett, ta ba ka labarinsa: mutum biyu a gindin bishiya suna jiran wani mai suna Godot, har aka tashi bai zo ba. Ka tambaye ni me mu malaman wasan kwaikwayo muke so yara su koya a nan, in ba cewa rayuwa aikin banza ce ba, alhali a Suratul Mu'minun Allah Ya kore zaton cewa an halicce mu da wasa. Lokaci ya ƙure kafin in amsa, shi ya sa na rubuto.

Ba zan yi maka rufa-rufa ba, tsoronka yana da tushe. Wasan ya fito daga Faransa ta bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da mutanen Turai suka ga abin da hannunsu ya aikata, zukatan da yawa suka yi sanyi da coci da gwamnati baki ɗaya. A 1942 Albert Camus ya rubuta cewa ɗan Adam yana neman dalili, duniya kuwa ta yi masa shiru. A 1945 Jean-Paul Sartre ya yi lacca a Paris, ya ce mutum yana fara samuwa ne, sannan ya gina ko wane ne shi da zaɓinsa. Sartre bai yarda da Allah ba, bai kuma ɓoye ba. Sai dai wannan falsafar ta samuwar mutum ba gidan mutum ɗaya ba ce. Wanda ake ɗauka kakanta, Kierkegaard na ƙasar Denmak, Kirista ne mai tsananin riƙo da addini, kuma shi inda damuwarsa ta kai shi shi ne imani.

Beckett kuma daban yake da su. Su hujja suke kawowa don ka yarda. Shi bai kawo hujjar komai ba. Ɗan Ayalan ne da ya zauna a Paris, ya taimaki masu yaƙar mamayar Jamus a ɓoye, da asiri ya tonu a 1942 ya gudu ƙauyen Roussillon, ya yi ƙwadago a gona yana jiran yaƙi ya ƙare. Mutumin da ya san jira ne ya rubuta wasan, aka fara nuna shi a Paris a watan Janairun 1953. Ko sunan da ake yi wa irin waɗannan wasanni, na rashin ma'ana, wani mai sharhi ne, Martin Esslin, ya laƙaba musu a 1960.

Da za ka zauna ka kalla, Alhaji, ga abin da za ka gani. Estragon, ɗaya daga cikin mutum biyun, yana fama da takalmin da ya matse masa ƙafa. A rami ya kwana, an kuma yi masa duka, kamar kullum. Ya ce yunwa yake ji, abokinsa Vladimir ya lalubi aljihu ya miƙa masa karas. Su yi faɗa, su ce gara kowa ya kama gabansa, ba wanda ya motsa. Da barci ya ɗauki Estragon, abokin ya yi masa waƙa, ya tuɓe kwat ɗinsa ya lulluɓe shi, shi kuma ya hau kai da kawowa saboda sanyi. Da yamma yaro ya zo da saƙo: yau ba zai samu zuwa ba, amma gobe lalle. Duk wanda ya taɓa zama a tasha ɗan kamasho yana ta kiran "saura mutum ɗaya" tun hantsi har azahar ya san wannan zaman, ya kuma san ba ka iya sauka, don ka riga ka biya.

Sun yi maganar rataye kansu a bishiyar, gaskiya ne, har sau biyu. Ba su yi ba. Kuma maganar tsira ba ta bar bakin Vladimir ba: tun farkon wasan yake juya labarin ɓarayi biyu na cikin Linjila, ɗaya ya tsira ɗaya ya halaka. Wanda ya gama yanke hukuncin cewa komai banza ne ba ya wannan lissafin.

Masana sun sha wahalar wasan, amma a 1957 da aka kai shi kurkukun San Quentin a Amurka, fursunoni kusan 1,400 suka zauna suka bi shi har ƙarshe. A 1993 marubuciyar Amurka Susan Sontag ta shirya shi a Sarajevo, babban birnin Bosniya, da hasken kyandir, garin yana kewaye, ana luguden wuta. Mutanen da ke cikin wannan hali ba sa ɓata dare a kan abin da ke yi musu ba'a.

Inda nake tare da kai shi ne, wasan ba ya ba da amsa. Babu alkawarin lada a cikinsa, babu lahira. 'Yarka tana da amsar da aka ba ta tun tana allo, amma a ganina ɗalibin da bai taɓa jin nauyin tambayar ba, amsar tana zama masa hadda ce kawai. A aji ina sa su gwada zaman Vladimir da haƙuri da tawakkali kamar yadda suka san su, su faɗi inda suka haɗu da inda suka rabu, kuma muhawarar takan yi zafi. Ban yarda a kai shi sakandare ba, kuma ban yarda malami ya miƙa wa yaro littafin ya juya baya ba.

Ka ce ta karanta maka kashi na biyu da baki, ta fassara maka. In bayan nan kana nan kan ra'ayinka, ka sake bugowa shirin, zan roƙi mai gabatarwa ya ba mu lokaci isasshe.

Wassalam. A gaida gida.

Naka,
malamin da ka yi wa tambaya